A Rage Kafin a Ƙara: Yadda Ikwalaiza Ke Dawo da Muryar Mawaƙi Cikin Falo

Wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe da kawuna, na same shi zaune a sabon falonsa fuska ba walwala. Ɗansa ne ya haɗa masa kayan sauti: amfilifaya, lasifika biyu dogaye, wufa ƙatuwa mai fitar da sauti mai kauri, da wani faffaɗan akwati mai 'yan maɓallai jere kamar haƙoran mataji. An saka masa waƙar Mamman Shata, wadda ya haddace tun yana saurayi. Kiɗa na dukan ƙirji, gilashin taga na karkarwa, kofunan da ke cikin kabad suna ta kacau-kacau. Shata kuwa sai ka ce daga cikin rijiya yake magana. Kawu ya ce da ni tsohuwar rakodarsa mai cin batir ta fi masa wannan tarkace, domin ita ko ba komai tana barinsa ya ji abin da mutumin ke faɗa.

Na matsa kusa da akwatin nan mai maɓallai, wato ikwalaiza. Na gefen hagu an tura su sama ƙurewa, na gefen dama ma haka, na tsakiya kuma an danne su ƙasa, jerin ya ba da siffar harafin V. Wufar tana can cikin kusurwa, ƙasan falon tayil ne, tagogi ba labule. Babu abin da ya lalace a kayan nan. Saiti ne kawai ya binne mawaƙin da ransa, kuma irin wannan saiti shi za ka tarar a falo da shago da mota ba iyaka.

Daga wayar tarho zuwa falo

Idan makaɗi ya doki ganga, fatar tana girgiza, ta girgiza iskar da ke kusa da ita, girgizar ta yi ta tafiya har ta iso kunne. Yawan kaɗawar da iska ke yi cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da Hz, an ɗauko shi daga sunan masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz. Kaɗawa kaɗan tana ba da sauti mai kauri irin na tambari. Kaɗawa mai yawa tana ba da siririn sauti irin kukan gyare. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000. Aikin ikwalaiza shi ne ta yanka wannan fili gida-gida, ta ba kowane gida maɓallinsa na ƙarawa da ragewa. Ƙarawa da ragewar ana auna su da desibel.

Asalin abin ba don nishaɗi aka yi shi ba. Injiniyoyin wayar tarho ne suka lura cewa idan magana ta yi doguwar tafiya cikin waya, siririn sashenta yana raunana fiye da mai kaurin, sai ta iso a dushe. Suka ƙirƙiro hanyar daidaita ta, don abin da ya fito ya yi kama da abin da ya shiga. Daga wannan daidaitawa na'urar ta samo sunanta, kuma wanda ya riƙe wannan ma'ana ya riƙe rabin ilimin. An yi ta ne don mayar da abin da hanya ta cinye.

Daga tarho ta shiga gidajen silima da ɗakunan ɗaukar sauti, daga nan ta shigo gida. A 1952 wani injiniya ɗan Ingila, Peter Baxandall, ya wallafa tsarin maɓallan bes da tirebul, wato na sauti mai kauri da na siriri, a mujallar Wireless World, kuma har gobe tsarinsa ne ke cikin ɗimbin amfilifayoyi. A 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka amince da ma'auni guda, wanda ake kira RIAA: wajen yanka faifan garmaho a rage bes a ƙara siririn sauti, wajen saurare a juya lissafin. Da haka tsagin faifai ya ƙanƙance, waƙa mai tsawo ta samu wuri, shuuu ɗin allura ya ragu. A 1972 George Massenburg na Amurka ya gabatar da irin wadda ke ba mutum damar zaɓen abu uku da kansa: wurin da zai taɓa, yawan abin da zai ƙara ko ya rage, da faɗin wurin. Sannan a shekarun 1970 da 1980 kamfanonin Japan irin su Pioneer da Technics da Kenwood da JVC suka cika duniya da akwatuna masu maɓallan turawa sama da ƙasa, har da rakodoji masu maɓalli biyar a goshi. Ta wannan hanya abin ya iso kasuwanninmu, a daidai zamanin da kaset ke tashe a Ƙofar Wambai ta Kano.

Maɓalli goma, kowanne da gidansa

Ikwalaizar gida da aka fi sani tana da maɓalli goma, a ƙarƙashinsu an rubuta lambobi: 31, 62, 125, 250, 500, sai 1,000, 2,000, 4,000, 8,000 da 16,000. Kowace lamba ninkin ta baya ce. Galibi kowane maɓalli yana iya hawa ko sauka da desibel 12, tsakiya kuma sifili ne, inda ba ƙari ba ragi.

Biyun farko, 31 da 62, gidan ruri ne, sautin da ƙirji ke ji kafin kunne. Ƙananan lasifiku ba sa iya fitar da Hz 31 ko an yi musu dole, sai dai su yi ta wahala a banza. Na 125 da 250 su ne jikin ganga da kaurin muryar namiji, wadda gindinta ke tsakanin Hz 85 da 180. Idan suka yi kaɗan murya ta zama fayau ba nauyi. Idan suka yi yawa sai ka ji kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Na 500 da 1,000 nan ne tsokar murya take, tare da mafi yawan amon goge da gurmi da kukuma. Yawansu yana sa sauti ya koma kamar ana magana cikin gwangwani.

Na 2,000 da 4,000 su ne masu daraja ga mai son jin magana, domin a nan baƙaƙe ke rarrabuwa, kuma kunnen ɗan Adam ya fi kaifi tsakanin Hz 2,000 da 5,000. Ɗan ƙari kaɗan yana fito da lafazi fes. Ƙari mai yawa yana sa algaita ta tsaga kai, mai saurare ya gaji bai san dalili ba. Biyun ƙarshe, 8,000 da 16,000, gidan sheƙi ne: sautin "s" da "sh" da "ts", kacau-kacau ɗin caki, da kuma shuuu ɗin tsohon kaset.

Layin tarho na da yana wucewa da abin da ke tsakanin Hz 300 da 3,400 ne kawai, amma da wannan ɗan yanki kana gane mai magana, ka gane abin da ya ce, har ka gane yana cikin fushi ko farin ciki. Wannan shi ne sirrin tsohuwar rakodar Kawu. Ƙaramar lasifikarta ba ta da ruri, ba ta da sheƙi, amma tsakiyar nan da magana ke zaune ba ta taɓa danne ta ba.

Abin da siffar V ke binnewa

Siffar V ta samu karɓuwa ne domin tana burgewa a minti na farko. Mai saye ya shiga shago cikin hayaniyar kasuwa, aka tura bes sama, ƙasa ta girgiza, sai ya ce lallai wannan kaya yana da ƙarfi. Kunne kuma yana da wata ɗabi'a: idan aka jera masa sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake zaɓa a matsayin mafi daɗi, ko da ba haka ba ne. Sai an kai kayan gida an zauna da shi awa guda kafin gajiya ta bayyana. Ga kuma wata matsala: sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana rufe wanda ke sama da shi, kamar yadda rurin babbar mota ke haɗiye maganar mutum biyu a bakin titi. Ke nan wanda ya ɗaga bes ya danne tsakiya ya cuci murya sau biyu.

Wannan asara ta fi yi wa mai sauraren waƙar Hausa ciwo, domin a wurinmu magana ce gaba, kiɗa yana biye. Mutum ba ya zama ya saurari Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo don kotso kaɗai. Yana jiran kirari, da habaici, da zambon da aka sakaya cikin kalma ɗaya. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba su da komai a gidan ruri, dukiyarsu duka a tsakiya take, don haka duk wanda ya danne tsakiya ya kore su daga ɗakin. Haka ƙwaryar Barmani Choge, haka gurmin Haruna Uji. Kalangu kansa magana yake yi, yana hawa da sauka bisa karin harshe, kuma ruri mai yawa yana shafe wannan hawa da sauka.

Harshen ma yana da nasa buƙatu. Tsakanin baki da baƙi, tsakanin kasa da ƙasa, tsakanin sara da tsara, bambancin ɗan ƙanƙanin kaifi ne da ke wucewa cikin ƙiftawar ido, kuma a saman tsakiya yake zaune. Mai sauraren tafsiri ko karatun Alƙur'ani ya fi kowa sanin wannan, domin shi mafitar kowane harafi yake bi. Waƙoƙin zamani da ake haɗawa a situdiyo kuwa, mai haɗa su ya riga ya cika su da bes da sheƙi tun daga can. Ƙara musu V kamar zuba gishiri ne a miyar da uwar gida ta riga ta ɗanɗana ta sauke.

Ɗakin ma yana da baki

Abin da ke isowa kunnenka a falo ba daga lasifika kaɗai yake fitowa ba. Wani kaso ya doki bango ya dawo, wani ya doki tayil, wani silin. Gidajenmu na yanzu, masu tayil da gilashi da bangon siminti sumul, suna mayar da sauti kamar madubi, shi ya sa magana ke cakuɗewa. Gwaji mai sauƙi shi ne ka tsaya tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji tafin ya yi wutsiya yana ƙara, ɗakin na buƙatar darduma, labule mai kauri, da kujerun kushin. Waɗannan suna shanye siririn sauti da na tsakiya fiye da yadda kowane maɓalli zai gyara.

Bes kuwa labarinsa daban ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma kowane ɗaki yana da wasu kaɗawa da yake kumburawa gwargwadon girmansa. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura wajen Hz 43, da ninkinsa 86. Silin mai tsayin mita 3 yana kumbura wajen Hz 57. Shi ya sa a kujera ɗaya bes yake kamar zai fasa kai, ka matsa taku biyu ka neme shi ka rasa. Inda ɗaki ya kumbura sauti, ikwalaiza tana iya rage shi, ta yi aiki mai kyau. Inda kuwa sautin da ya tafi da wanda ya dawo suka kashe juna, ko ka ƙure maɓalli ba zai cike ramin ba, domin ƙarin da ka yi shi ma kashe kansa zai yi. Maganin wannan matsar da kujera ne ko matsar da wufa.

Saboda haka gyara yana farawa da hannu da ƙafa. Lasifika idan ta manne da bango besinta yana ƙaruwa, idan ta shiga kusurwa ya ƙaru sosai. A janyo ta ko da kamu biyu ne. A sa lasifiku biyun da wurin zama su kasance kamar duwatsun murhu, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida. Ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tiwita, ta kasance daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, domin siririn sauti miƙewa yake yi kamar hasken tocila. A kuma duba wayoyi: ja ga ja, baƙi ga baƙi a duka ɓangarorin. Idan aka juya na gefe ɗaya, lasifiku biyun za su riƙa ja-in-ja, bes ya zube, murya ta rasa mazauni a tsakiya.

Yadda ake saiti

Bayan an gama da ɗaki sai a zo kan maɓallai. A mayar da su duka sifili, a kashe duk wani ƙarin bes da ke jikin amfilifaya ko waya ko talabijin, domin sau da yawa ikwalaiza biyu ko uku ne ke aiki a kan juna mai gida bai sani ba. A zaɓi waƙa uku da aka sani ciki da bai: ɗaya mai yawan magana, ɗaya mai ganguna, ɗaya ta zamani. A zauna a inda aka saba zama, da ƙarar da aka saba ji, a saurara tukuna ba tare da taɓa komai ba.

Tambayar da za a yi wa kai ita ce: me ya yi yawa? Mafi yawanmu abin da ya yi kaɗan muke nema, mu ƙara, mu sake ƙarawa, har maɓallai duka su hau sama, garin neman gira a rasa ido. Idan murya ta dushe, kafin a ɗaga 4,000 a fara sauke 125 ko 250 da desibel 2 ko 3. Sau da yawa muryar za ta fito da kanta. Idan ba a gane inda matsalar take ba, a ɗaga maɓalli ɗaya sama na ɗan lokaci, a ji ko abin da ke damun kunne ya ƙaru. Idan shi ne, a sauke shi ƙasa da sifili kaɗan. Maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada maƙwabta biyu su yi hannun riga, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa. Daga ƙarshe a kashe ikwalaizar a kunna, a kwatanta, amma a tabbata ƙarar ta zo ɗaya, don kada kunne ya yi zaɓen da ya saba.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tsohuwar waƙar da aka kwafo daga kaset zuwa kaset kafin ta shiga memori tana son a sauke 8,000 da 16,000 kaɗan don shuuu ya lafa. Labarai da wa'azi suna son a rage ruri. Sauraren dare kuma yana da nasa hukunci: tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakunan binciken Bell a Amurka suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunne ya fi saurin rasa mai kaurin. Don haka ɗan ƙarin bes yana da amfani idan an rage murya, kuma aikin maɓallin da aka rubuta wa Loudness ke nan. Da an ɗaga murya sai a kashe shi.

Abin da ke ƙona lasifika

Masu gyaran rediyo sun san irin kayan da aka fi kawo musu: tiwita ta ƙone, ko koyil ɗin wufa ya yi baƙi yana wari. Lissafin a bayyane yake. Ƙarin desibel 3 yana neman ninkin ƙarfin wuta daga amfilifaya. Desibel 6 ninki huɗu. Desibel 12 kusan ninki 16. Amfilifayar da ke aiki da wat 5 hankali kwance, idan aka ƙure mata maɓallin bes, ana neman wat 80 ke nan daga gare ta a wannan gida. Idan ba ta da shi sai ta fara yanke kan sauti, ka ji yana tsagewa yana gurnani, kuma wannan tsagewa ita ke dafa lasifika. Manyan lambobin wat da ake bugawa a kwali da tambarin PMPO ba abin dogaro ba ne. Wanda aka rubuta wa RMS shi ya fi kusa da gaskiya. Ragewa kuwa ba ta cin komai, asali ma hutu take ba na'ura.

Akwai kuma cututtukan da ba na ikwalaiza ba ne. Gunjin nan mai "huuum" da ba ya yankewa daga wutar lantarki yake, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Sauke maɓallin 62 zai ɓoye shi ya tafi da bes tare, alhali maganinsa sauya waya ne ko gyara haɗi. Waƙar da aka matse aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta rasa sheƙinta, babu maɓallin da zai dawo da abin da ba ya ciki.

Kunne ba shi da kayan gyara

Zamani ya kawo sauƙi. Amfilifayoyi da yawa yanzu suna zuwa da ƙaramin makirufo da ake ajiyewa a wurin zama, na'urar ta saki sautin gwaji, ta auna ɗakin, ta yi saitin da kanta. Yamaha tana da YPAO, wasu kamfanoni suna amfani da Audyssey ko Dirac. Wayar hannu ma tana da tata ikwalaizar. Amma hukuncin ƙarshe na kunne ne, kuma kunnuwa ba ɗaya ba ne. Siririn sauti shi ke fara ɓacewa idan shekaru suka ja, don haka abin da saurayi ke ji da kaifi, dattijo yana jinsa a dushe. Saitin falo ya kamata ya bi kunnen wanda ya fi zama a cikinsa.

Kunnen nan kuwa amana ne. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikinsa idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke saurare, ta kuma nuna cewa desibel 80 ana iya jure masa har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal. Sau da yawa mutum yana ƙure murya ne don bai ji kalmomi ba. Da ya gyara tsakiya, da rabin ƙarar ta ishe shi. Sannan ruri shi ne sautin da ya fi ratsa bango. Abin da ke isa ɗakin maƙwabci da tsakar dare, inda mai jinya ko jariri ke kwance, ba waƙa ba ce, dum-dum ce kawai marar ma'ana. Rage ta yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

A falon Kawu ranar nan ba mu sayi komai ba. Ni da ɗansa muka janyo wufa daga kusurwa, muka shimfiɗa babbar darduma tsakanin lasifiku da kujerarsa, muka mayar da maɓallai sifili. Muka sauke 125 kaɗan, muka ɗaga 2,000 da 4,000 da ɗan taki ɗaya saboda kunnen mai shekaru. Kofunan kabad suka yi shiru. Aka mayar da waƙar daga farko, kalangu ya koma bayan mai gidansa, 'yan amshi suka fito sarai. Kawu bai ce komai ba. Ya gyara zama, ya tura hula gaba, leɓunansa suka fara motsi suna bin baiti ɗaya bayan ɗaya, har ya riga Shata isa wata gaɓa da yake jira. Muna nan zaune har aka kira magariba, ya miƙa hannu da kansa ya kashe.